Yadda zaka canja robar ƙafar jirgin ƙasa na wasa idan ya fara santsi a kan dogo

Ranar da kan jirgina ya fara tsayawa a tsakiyar hawa yana ta wulwula ƙafa a waje ɗaya kamar akuya a kan jiƙaƙƙen siminti, abin da ya fara zuwa raina shine injin ya gaji, tunda dama tsoho ne, gwanjo na saye shi tare da taragai shida da layin dogo a cikin wani yagaggen kwali. Sai na ɗauko man keken ɗinkin maman yara na bi shi ina ɗiɗɗigawa ko'ina har da inda bai kamata ba. Toh wallahi sai abun ya ƙara dagulewa, da yana jan tarago huɗu sai ya koma ko biyu baya iyawa, ga wani baƙin dauɗa da yake bari a kan dogon duk inda ya wuce. Sai da na kifa shi na haska tocilar waya sannan naga wata 'yar siririyar baƙar roba ta saki tana reto a jikin ƙafa ɗaya, ɗaya ƙafar kuma babu ita kwata-kwata sai kwarmin da take zama. Injin lafiyarsa ƙalau, nine na ƙarasa robar da mai da hannuna.

Wannan robar ita ce maganar. A Ingila da Amurka tirakshan taya suke ce mata, Jamusawa kuma Haftreifen, ka riƙe sunayen biyu don idan kazo nema a intanet da su zaka samu. Zobe ne na roba shafaffe, ba mai ƙumbo ba, ana zaunar dashi a cikin wani kwarmi da aka yanka a fuskar ƙafar da injin ke juyawa, kuma ba duk ƙafafu ke da ita ba, yawanci biyu ne ko huɗu.

Wani zai ce ai jirgin gaske babu roba a ƙafarsa, ƙarfe ne a kan ƙarfe, me yasa na wasa sai da ita. Na gaske nauyi ne yake danne shi, kan jirgi ɗaya yakan wuce tan 100, kuma idan ya ji santsi akwai bututun da ke watsa yashi a gaban ƙafafun. Na wasa kuma mun ɗora masa abin da ba'a ɗorawa na gaske. Ɗauki girman HO, wanda yafi yawa a duniya, an rage komai sau 87 kuma tsakanin dogo da dogo milimita 16.5 ne. Wata ƙaramar kwana da kamfanin Märklin ke sayarwa a wannan girman, daga tsakiyar da'irar zuwa layin milimita 360 ne, idan ka ninka sau 87 mita 31 da 'yan kai kenan, da wuya babban jirgin fasinja na gaske ya sha irin wannan kwanar. Ga hawan da muke yi don layi ya haye saman wani layin a ɗan tebur, ga ƙafafun taragai da basa gudu sumul kamar na gaske. Shi yasa kamfanoni irinsu Märklin da ke Göppingen a Jamus, da Hornby na Ingila, da Lima na Italiya, da Kato na Japan suka riƙa saka roba. Lionel na Amurka ya bi wata hanya tun wajen 1950, ya saka maganaɗisu a ƙafafun, suka kira shi Magne-Traction, sai dai wannan sai a kan dogon baƙin ƙarfe yake aiki, dogon zamani da ake yi da gaurayen jan ƙarfe da nikel da zinki maganaɗisu baya kama shi.

Kafin ka taɓa sukundireba, ka tabbatar robar ce. Ɗora kan jirgin shi kaɗai a layi madaidaici ka bashi wuta kaɗan, ka sunkuya idonka daidai da dogon. Idan yana tafiya yana ɗingishi, kai yana rausaya hagu da dama a kowane juyi, robar ta kumbura ko ta murɗe ko guda ta fita. Idan injin yana ƙara ƙafa na juyawa amma jirgin bai motsa ba, ko dai ta yi ƙwalƙwal ta bushe ko ta sha mai. Idan kuma injin yana ƙara amma ƙafar bata juyawa sam, wannan ba roba bace, giya ce ta tsage ko ta cinye, wani aikin daban ne. Sannan tura kowane tarago da yatsa ka gani ko yana gangarawa da kansa, sau da yawa gashi da zaren kafet ne suka naɗe aksil ɗin wani tarago guda, wato sandar da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama, yake riƙe kowa. Ka auna hawanka kuma, idan layin yana tashi fiye da santimita 3 a kowace mita ɗaya, kai ka jawo, santimita 2 shine zaman lafiya.

In ka kifa shi, sa farce ka ɗan tura robar. Mai lafiya bata zamewa a cikin kwarminta, tana tafiya tare da ƙafar. Wadda ta mutu zakaga tana juyawa ita kaɗai, ko ta tsattsage kamar ƙafar mai kaushi, ko ta zama kamar cingam tana manne maka a yatsa.

Wani kuskure da mutane keyi shine su cire ta su ci gaba da tuƙi haka nan wai ai yana tafiya. Zai tafi ɗin, amma ƙafar da aka yankawa kwarmi in babu roba ta fi 'yan uwanta ƙanƙanta, kan jirgin zai karkace, gefen kwarmin yana kankarar dogo yana tara datti, kuma duk sanda yazo inda layi ya rabu biyu sai ya yi tsalle ya sauka.

Yanzu sai awo, kuma anan ne aikin yake, duk sauran wasa ne. Idan kan jirgin yana da lamba a ƙarƙashinsa ko takardarsa tana nan, shikenan ka huta, nemi lambar robar da kamfanin ya rubuta. Märklin misali suna da 7151 da 7152 da 7153 da 7154, goma-goma a leda, kowace da irin ƙafar da take shiga. In babu takarda kamar nawa, kada ka auna tsohuwar robar, ta riga ta buɗe zata yi maka ƙarya. Ƙafar zaka auna, kuma cikin kwarmin ba saman fuskar ba. In kana da kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu da masu juya ƙarfe ke riƙewa, sa bakinsa a cikin kwarmin ka karanta. In babu, ɗauko zaren ɗinki ka zagaya kwarmin sau ɗaya, ka sa alama da biro inda ya haɗu, ka miƙe shi a kan rula, abin da ka samu ka raba da 3.14. Ace zaren ya baka milimita 33, kaga faɗin ƙafar a cikin kwarmi 10.5 kenan. Robar da zaka saya dole cikinta ya gaza haka, ni nakan rage kamar kashi ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin biyar, wato mai 9 ko 9.5 zata zauna daram. Wadda tazo daidai da ƙafar cif-cif ba zata yi sati ba zata fara yawo, wadda tayi ƙanƙanta sosai kuma in ka ja ta da ƙarfi zata sirance ta nutse cikin kwarmin bata taɓa dogo ba, ko ta tsinke bayan kwana biyu.

Don ka san inda kake, ƙafar kan jirgin dizal ko na lantarki a HO tana kaiwa milimita 11 zuwa 12 ko 14, na tururi kuma manya ne, irin BR 01 na Jamus da ƙafarsa ta gaske mita 2 ce, a HO milimita 23 take. A girman N da aka rage sau 160, ƙafar dizal wajen milimita 6 ce, wannan kam sai da gilashin ƙara girma da haƙurin mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Faɗin kwarmin da zurfinsa suma ka duba. Zurfin baya kai milimita ɗaya, sau da yawa rabi ma baya kaiwa. Abin da ake so shine in robar ta zauna samanta yazo daidai da fuskar ƙafar, ka shafa da farce kaji kusan babu tudu. In tayi kauri zata ɗaga ƙafar, sauran ƙafafun da ke ɗaukar wuta su bar dogo, jirgi ya dinga tsayawa yana ƙyafta fitila kamar an kawo wuta mara ƙarfi.

Maganar wuta, roba bata wuce lantarki, duk ƙafar da ke da ita kusan ta fita daga masu shan wuta. A tsarin Märklin wannan ba wani abu bane saboda su wutar ta tsakiyar layi take zuwa, wani ƙarfe kamar cokali a ƙarƙashin jirgin yana goga kan 'yan ƙusoshin tsakiya, dogayen biyu kuma duk hanyar komawa ce, shi yasa zakaga sun sa roba hagu da dama a aksil ɗaya hankali kwance. Amma a tsarin dogo biyu, inda dogon dama da na hagu sune wayoyin biyu, kowace ƙafa tana da daraja. Tsofaffin Lima da Hornby masu wani zagayayyen inji da ake kira Ringfield duk robobin a gefe ɗaya suke, ɗaya gefen yana ɗaukar wuta. Saboda haka in ka ciro ƙafafun, don Allah mayar dasu yadda suke, in ka juya aksil ɗin ko dai yaƙi tashi ko yayi gajeren haɗi, wato wutar dogayen biyu ta haɗu kai tsaye. Ɗauki hoto da waya kafin ka kwance komai, ɗauki ta hagu ɗauki ta dama.

Kayan aiki ba wasu masu yawa bane, kuma kusan duk na masu gyaran waya ne, wanda yake Kano in ya shiga Farm Centre zai haɗa su a shago ɗaya. Ƙananan sukundireba, hantsaki mara kaifin baki, tsinken sakace kamar guda biyar, sifirit irin wanda suke wanke allon waya dashi, auduga mai tsinke, faranti ko murfin roba fari na zuba sukuru, da kofin ruwan ɗumi. Nemi soso ko ka naɗe tawul kayi masa kwari a tsakiya ka kwantar da kan jirgin rigingine, kada ka kifa shi a kan tebur tsirara, ƙananan kayan samansa karyewa suke. Kuma ka shimfiɗa farin zani a ƙasa ka kashe fanka, ni na taɓa yin awa guda ina rarrafe a ɗaki ina neman noti ɗaya da bai kai ƙwayar gero ba, yara na tsaye suna min dariya.

Na dizal da na lantarki sauƙi ne dasu. Abin da ke tare ka shine firam ɗin gefe, a wasu zaka iya zura robar ta tsakaninsa da ƙafar ba tare da ka kwance komai ba, a wasu kuma sai ka ɓalle murfin ƙasa, ko dai sukuru ne ko 'yan haƙoran roba da zaka ɗaga a hankali da bakin sukundireba. Tsohuwar leda tana da saurin karyewa, kada ka banƙare ta. Murfi na fita aksil zai ɗago da giyarsa, kaga ma ka samu damar cire gashin da ya naɗe.

Na tururi shine mai rigima saboda sandunan gefe da suka haɗa ƙafafun, robar bazata shiga ba sai ka cire sandar daga kan wannan ƙafar. Kan sukurun yawanci mai kusurwa shida ne, 'yar sifana ta musamman yake so mai kamar milimita 2 zuwa 3, in ka kama shi da filaya zaka cinye kan ko ka kankare fenti. Gefe ɗaya zaka kwance ka gama ka ɗaure sannan ka koma ɗayan, kada ka saki duka biyun lokaci guda. Ka lura da jerin washa da 'yan zobba yadda suka fito ka jera su a faranti haka. Babban abin tsoro kuma, kada ka riƙe ƙafar dama ka murɗa ta hagu. Ƙusoshin da sandunan ke rataye a kansu a gefe biyun an saita su ne ɗaya yana gaban ɗaya da kwata na juyi, digiri 90, in ƙafa ta zame a kan aksil ko kaɗan ne, sandunan zasu dinga cijewa a kowane zagaye kuma gyaran wannan ya ninka na roba sau goma. Haka kuma kada ka tura ƙafar da yatsa don ta juyo maka inda kake so, yawancinsu giyar tsutsa ce, irin mai kamar zaren sukuru, injin ne ke iya juya ƙafa amma ƙafa bata iya juya injin, in ka matsa haƙora zasu tafi. Bashi wuta kaɗan har ƙusar tazo inda hannunka zai kai, in na dogo biyu ne mara dikoda, wato 'yar na'urar dijital da ake sawa wasu a ciki, batir mai bolt 9 ka dangwala a ƙafafun ya isa.

Cire tsohuwar da tsinken sakace. In ta bushe ta manne, ɗiga sifirit ka jira minti biyu ka kankare da tsinken, banda reza banda allura musamman in ƙafar ta leda ce. Sannan ka wanke kwarmin, ka sake wankewa, har sai audugar ta fito fara. Yawancin wanda yace ya saka sabuwa ta sake fita, ba komai bane mai ya bari a ƙarƙashi ko guntun tsohuwar ya maƙale a lungu. Bar shi ya bushe tsaf. Fetur da kananzir da tina kada su kusanci wajen, suna cin leda suna kumbura roba.

Jefa sabuwar a ruwan ɗumi kamar minti biyu, ɗumin da zaka iya sa yatsa ba tafasasshe ba, ta ɗan yi laushi, ka tsane ta da tishu. Sa gefe ɗaya a cikin kwarmin ta wajen da yafi matsi, danne da babban yatsa, zura tsinken sakace ta cikin zoben ka bi da'irar ƙafar dashi kana ɗora ta kaɗan-kaɗan, kamar dai yadda mai faci ke mayar da tayar keke a kan wili. In tana ta ƙwacewa kira wani ya danne maka, hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. Kada ka cafke ta da bakin hantsaki ka ja, duk inda ya huda nan zata tsage daga baya. In ta shiga kada ka zare tsinken tukuna, zagaya dashi ƙarƙashinta sau biyu ko uku, wannan shine yake raba jan daidai ko'ina kuma yake warware murɗewa, in ba haka ba wani waje zai yi kauri wani yayi siriri jirgi ya dawo da ɗingishinsa. Haska tocila ka bi ta kaga ko wani gefe ya hau leɓen ƙafar ko ya leƙo waje, ka tura shi ciki da gefen tsinke.

In guda ta mutu canja duka, tsohuwa da sabuwa kaurinsu baya zuwa ɗaya. Kuma sufa gulu babu ruwansa da wannan aikin, robar da sai an manna ta toh ba girmanta bane, ga shi yana busar da ita ta zama kamar ƙashi, in ya gangara cikin aksil kuwa sai dai kayi ta'aziyya.

Gwaji, fara shi kaɗai a hankali gaba da baya, sannan ƙara tarago ɗaya-ɗaya. Wani abu da ba kowa ke faɗa ba, santsin nan da muke ƙi yana kare injin, ƙafar ƙarfe in kaya yayi yawa zamewa take injin yaci gaba da juyawa, mai sabuwar roba kuwa cijewa take, injin ya tsaya cak wuta na shiga, kafin ka ankara kaji ƙauri kwayil ya ƙone. In kaga ya tsaya kuma ƙafa bata motsi, kashe wuta nan take ka rage taragai.

Toh in ba'a samu ta ainihin ba fa, tunda sai an yo odarta daga waje kuma kuɗin aikowa yakan ninka kuɗin robar. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Abin da yafi min aiki shine bututun nan da masu wayarin ke zurawa a waya su gasa ya tsuke, samu wanda ya ɗan fi ƙafar ƙanƙanta, zura shi a jikin biro ko sandar ƙarfe, ka yanko zobe daidai faɗin kwarmi da sabuwar reza, ka ja shi ya hau. Baya kama dogo kamar roba ta gaske amma yana cike kwarmin kuma mai baya damunsa sosai. In zaka gasa shi yi da na'urar busar da gashi daga nesa, kuma in ƙafar ƙarfe ce kawai, ashana ko laita zata narkar maka da tsakiyar ƙafar. Akwai 'yan robobin da likitocin haƙori ke sawa masu wayar gyaran haƙora, suna zuwa a milimita 3.2 da 4.8 da 6.4 da 7.9 da 9.5, wasu suna dacewa amma basa daɗewa kuma sukan yi kauri. Zoben roba na famfo ko na injin mai ƙumbo ne, baya kwanciya, manta dashi, haka robar ɗaure kuɗi, wata ɗaya zata narke ta bar maka danƙo. A Amurka kuma akwai wani koren ruwa mai kauri da ake sayarwa da sunan Bullfrog Snot, wato majinar kwaɗo, sunan ne dai babu daɗi, ana kifa jirgin a kunna shi ƙafa na juyawa a hankali a dangwala da tsinke har ya cika kwarmin, a bar shi yana juyawa ya ɗan kama jiki sannan a ajiye ya kwana. Amfaninsa babba shine ba sai ka kwance sandunan na tururi ba.

Mu da muke ƙasar zafi robarmu bata kai ta Turai kwana. Ɗakin kwano a watan Afrilu in zafi ya haura 40 gasa ta yake, ƙurar hunturu kuma in ta haɗu da ɗan maiƙon dogo sai ta zama kamar sanfefa. Ni dai ina rufe teburin da zani in na gama, ina goge dogon da ƙyalle da ɗan sifirit in bar shi ya bushe kafin in ɗora jirgi, mai kuma da bakin allura nake sawa, ɗigo ɗaya a inda aksil ke juyawa shikenan. In zai daɗe ba'a kunna shi ba ina sauke shi daga dogo in mayar kwalinsa don kada robar ta lotsa a waje ɗaya. Ragowar robobin suna cikin leda mai zif a cikin gwangwanin alewa a ƙasan durowa inda rana bata kaiwa, kuma na rubuta girman kowace da sunan jirginta a jikin ledar da maka, don na taɓa haɗe mai 9 da mai 10 waje ɗaya, da ido wallahi baka isa ka raba su ba.